Ranar da rezo ya ɗauke, wa zai kai labari daga ƙauye zuwa gari?

Sharhinmu na wannan mako ya taɓo wata magana da ba a cika jin ta ba a fada ko a bakin kasuwa, amma ta shafi kowa, daga mai noman albasa a fadamar Tarka har zuwa ɗan ci-ranin da ke Abijan yana jiran kiran gida.

Kowace shekara, ranar 18 ga watan Afrilu, ana bikin ranar masu rediyon sha'awa ta duniya. A nan Madawa, Buza da Keita ranar takan zo ta wuce ba wanda ya kula, kuma ba laifin kowa ba ne, don mafi yawanmu ba mu taɓa jin ko sunan abin ba. To amma ranar tana faɗowa ne ana tsakiyar bazara, saura 'yan makonni hadari ya fara haɗuwa. Shi ya sa muka ga lokaci ne da ya dace a yi wannan tambaya: ranar da ruwa ya cika gulbi ya yanke hanya, kuran ya ɗauke, rezo ya tafi, ta wace hanya mai gari zai sanar da likita cewa ga mace tana naƙuda ta galabaita, ko ya gaya wa ƙauyen da ke gangare cewa ga ruwa nan tafe?

Abin da muka riga muka gani

Maganar ɗaukewar rezo mun gan ta da idonmu a 'yan shekarun nan, kuma kowane karo da nasa dalili.

A watan Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet na salula a Nijar kusan kwana 10. A watan Satumba na wannan shekara, hukumomin Najeriya suka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Sakkwato da Katsina, da niyyar toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Mutanen kirki su ma rufewar ta shafe su, wanda ke da ɗan'uwa a can sai dai ya jira matafiyi ya kawo masa labari. A watan Nuwamba na 2021 ɗin, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum 11,500 ne suka tsallako daga Sakkwato zuwa Nijar, suka sauka a ƙauyukan komin ɗin Bangi, nan cikin gundumar Madawa. Mutanen Bangi ba sai an ba su labari ba.

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin ƙasar daga can yake zuwa. An sha duhu wata da watanni kafin a ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma, manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka wayi gari intanet na ja da ciki. Sai damanar 2024 ta zo da ambaliyar da aka daɗe ba a ga irinta ba: alƙaluman gwamnati sun nuna kusan mutum 400 sun rasu, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, har aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba.

Darasin da ke cikin waɗannan duka guda ne. Salular da ke aljihunka ba ita kaɗai take aiki ba, sarƙa ce mai ƙugiya da yawa. Muryarka tana zuwa wurin ƙarfen rezo mafi kusa, shi kuma yana bukatar kuran, ko gurup mai shan gazuwal, ko batir da hasken rana. Daga nan ta bi wani ƙarfen ko wayar da aka binne a ƙasa zuwa cibiyar kamfani. In kiran na waje ne, sai ta bi ta wata ƙasa maƙwabciya ta kai bakin teku, tunda Nijar ba ta da gaɓa. Ƙugiya ɗaya ta ɓalle, ko kana da kiredin jika 10 a waya, ba abin da zai yi maka. Kuma ranar da aka fi bukatar waya, wato ranar iska da ruwa da tashin hankali, ita ce ranar da ƙugiyoyin suka fi ɓallewa.

Mene ne rediyon masu sha'awa?

Rediyon da muka sani a gida akwati ne mai karɓa kawai: tasha ta yi magana, mu mu saurara. Shi kuwa wanda masu jin Faransanci ke kira radiyo-amater, na'ura ce mai karɓa kuma mai aikawa. Mutum yana zaune a ɗakinsa, ya ɗaura waya tsakanin icce biyu, ya haɗa batir, ya yi magana kai tsaye da wani mai irin na'urar, ko a ƙauye na gaba ko a wata nahiya. Babu kamfani a tsakani, babu kiredi, babu ƙarfen rezo.

Ana ce musu masu sha'awa ne don ba sana'a suke yi da shi ba. Wani malamin lakwal ne, wani makaniki, wani likita, wani ɗan kasuwa. Abin da ya haɗa su shi ne son sanin yadda na'ura ke aiki, da daɗin jin muryar wanda ke nesa ta amsa ta cikin wayar da ka ɗaura da hannunka. Har manya sun yi: marigayi Sarki Husaini na Jodan yana da tasharsa mai laƙabi JY1, haka marigayi Rajiv Gandhi da ya yi firaministan Indiya.

Kada a ɗauka wasa ne mara tsari. Hukumar sadarwa ta duniya, UIT, mai mazauni a Jeneba, ta amince da shi a cikin dokokinta, ta ware masa mitoci na kansa. Kowace ƙasa ita ke tantance mutum, ta tabbatar ya san aikin kuma ya san doka, kana ta ba shi lasisi da laƙabin kira wanda babu mai irinsa a duniya. Haruffan farko na laƙabin su ke nuna ƙasa: na Nijar yana farawa da 5U, na Najeriya da 5N. Duk wanda ya buɗe baki a iska wajibi ne ya faɗi laƙabinsa. Ba a ciniki a kai, ba a kiɗa, ba a watsa shiri kamar tasha, kuma ba a ɓoye magana cikin wani zaurance. Ku riƙe wannan na ƙarshe, za mu dawo kansa.

Tarihinsu ma akwai abin koyi. A farkon ƙarnin da ya wuce, an ture masu sha'awa zuwa gajeren zango don ana ganin ba shi da amfani. Sai ga shi a watan Nuwamban 1923 wani Bafaranshe, Léon Deloy, daga birnin Nis, ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka, teku a tsakaninsu, ta wannan gajeren zangon da aka raina. Shi ne dai gajeren zangon da iyayenmu suka shekara suna kama labaran duniya da shi da asuba da dare. Ranar 18 ga Afrilu 1925 masu sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Paris. Asalin ranar da muka ambata ke nan, kuma a 2025 ta cika shekara 100.

Yadda murya ke tsallake dutse

Duk wanda ya san Adar ya san matsalarmu: tudu da kwari. Kana bin hanyar Madawa zuwa Buza har Keita, ka hau dutse rezo ya cika, ka gangara ya ɓace. Akwai ƙauyukan da kowa ya san wurin da ake zuwa a tsaya in za a yi kira, wani bisa tudu, wani gindin wani icce. Haka FM take. Tashoshin FM suna aiki tsakanin megahaz 87.5 da 108, kuma irin wannan zango miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Abin da eriya ta hango shi take kaiwa, dutse ya tare, magana ta ƙare.

Gajeren zango, wato daga megahaz 3 zuwa 30, halinsa daban ne. Can sama, nisan ɗaruruwan kilomita, akwai wani rufi na iska da hasken rana ke canza wa hali, yana maido da irin wannan zango ƙasa kamar yadda madubi ke maido da haske. Masu sha'awa sun san dabarar da ta dace da ƙasa mai duwatsu: a ɗaura wayar eriya ƙasa-ƙasa, tsayin 'yan mitoci, sai muryar ta tashi tsaye sama ta dawo kamar yayyafi a kan duk abin da ke kewaye, har nisan ɗaruruwan kilomita. Tunda daga sama take saukowa, ba ruwanta da tudu ko kwari. Da rana ana amfani da megahaz 7, wayar eriyarsa tsawon mita 20 ce. Da dare a sauko megahaz 3.5, wayar ta kai mita 40. Batirin mota mai bolt 12 da faranti ɗaya ko biyu na hasken rana sun isa su riƙe na'urar. Da wannan, wanda ke Garhanga yana iya magana da na Urno, na Tabotaki da na Tawa.

Akwai kuma ƙananan na hannu, irin waɗanda ake kira oba-oba. Nasu na masu sha'awa yana tsakanin megahaz 144 da 146. Su ma miƙe suke tafiya, a fili ba su wuce 'yan kilomitoci. Amma in aka kafa na'ura mai karɓa ta sake turawa a bisa tudu mai tsayi, sai duwatsun da ke tare mana rezo su koma masu taimako, don daga sama ana hango kwari gaba ɗaya.

Na uku shi ne tauraron ɗan'adam. A watan Nuwamban 2018 ƙasar Katar ta harba wani tauraro mai suna Es'hail-2, a jikinsa akwai sashen da aka ware wa masu sha'awa, suna kiransa QO-100. Tsaye yake wuri guda a sama, yana ganin Afirka baki ɗaya da Turai, daga gabashin Barazil har zuwa Tailan. Farantin parabol irin wanda muke kallon ƙwallo da shi ya isa a saurare shi in an haɗa 'yar na'urar da ta dace.

Inda abin ya yi rana

Ranar 26 ga Disamba 2004, lokacin da igiyar tsunami ta afka wa ƙasashen tekun Indiya, wasu masu sha'awa 'yan Indiya suna tsibiran Andaman, sun je ne don nishaɗin yin kira daga can. Da layukan waya suka mutu, tasharsu ta koma hanyar aika saƙo tsakanin tsibiran da sauran ƙasar, hukumomi da iyalai duk suka dogara da ita. A girgizar ƙasar Nepal ta Afrilun 2015, da guguwar da ta rusa Puwato Riko a Satumban 2017, da girgizar ƙasar Turkiyya ta Fabrairun 2023, masu sha'awa sun yi irin wannan aiki tare da masu agaji. Tun taron duniya kan mitoci na 2003, dokokin UIT suna ƙarfafa wa gwamnatoci gwiwa su bar masu sha'awa su shirya wa ranar bala'i. A wannan taron ne ma aka sauke wajabcin iya saƙon Mos, mai ɗigo da ja, wanda a da yake hana mutane da yawa samun lasisi.

Kada wani ya ce wannan matsalar talakawa ce kawai. Ranar 28 ga Afrilu 2025 wuta ta ɗauke a Sipaniya da Fotugal baki ɗaya, rezo ya bi ta. 'Yan'uwanmu da ke can shaida ne: Turawa sun yi layi a kantuna suna neman rediyo mai aiki da batir, irin wanda tsoho ke rataye da shi a gona nan Karofan.

Abin da Nijar ta riga ta sani

In an duba da kyau, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dattawan da suka yi aikin gwamnati suna tuna zamanin da ofisoshin mulki ke magana da juna ta rediyon da ake kira RAC, kafin salula ta zo. Asibitocin karkara ma an taɓa haɗa wasunsu da rediyo mai aiki da hasken rana don kiran motar ɗaukar maras lafiya, kamar yadda aka yi a gundumar Walam. Da salula ta bazu, aka jingine waɗannan na'urori, masu iya sarrafa su suka yi ritaya.

Ta fannin taruwa a kan rediyo kuwa, Nijar tana cikin na gaba a Afirka. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen ƙauye ke zama su saurari shiri, su yi muhawara, a naɗi muryarsu a mayar Yamai a watsa. A 1999 aka kafa rediyon al'umma na farko a Bankilare, mai aiki da hasken rana, daga nan abin ya bazu ko'ina cikin ƙasa. Yau in akuya ta ɓata, ko za a yi rigakafi, ko an yi rasuwa, rediyon al'umma ake nufa.

To ga inda gizo ke saƙa. Rediyon al'umma baki ne, yana magana kowa ya ji. Amma kunnensa salula ce. Wakilin da ke ƙauye da waya yake kiran tasha, mai gari da waya yake kiran perefe, malamin asibiti da waya yake kiran mota. In rezo ya ɗauke, tasha tana iya ci gaba da watsa shiri da hasken rana, amma ba ta san abin da ke faruwa a bayan dutse ba. Haka kwamitocin gargaɗin gaggawa na ƙauyuka, waɗanda ake kira SCAP-RU, aikinsu shi ne su tura labari sama zuwa komin da gunduma, kuma mafi yawan lokaci wayar nan ce dai abin dogaronsu.

Ku ɗauki misalin gulbin Magiya, wanda ke tasowa daga yankin Buza ya gangara ta wajen Ƙonni har ya shiga Najeriya. Ana iya tafka ruwa a bisa duwatsu da dare, ƙauyen da ke ƙasa ko ɗigo bai gani ba, sai ƙarar ruwa kawai za a ji. Tsakanin saukar ruwan a sama da isowarsa ƙasa akwai ɗan lokaci, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ake kwashe yara, a kwance dabbobi, a janye injin ban-ruwa, a hana direba shiga gulbi. In mutum ɗaya a sama yana da hanyar kiran tasha wadda ba ta dogara da rezo ba, tasha kuma ta faɗa a FM, dubban mutane sun ji cikin minti kaɗan. Haka abin yake a kwarurrukan Keita, daga Ibohaman zuwa Tamaske, inda tun 1984 aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya yi ta gina madatsai don rage ƙarfin irin wannan ruwa.

Maganar tsaro, da gargaɗi ga 'yan'uwa na waje

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Ƙasa tana cikin yaƙi da 'yan ta'adda da 'yan bindiga, waɗanda su ma suna amfani da oba-oba. Jami'in tsaron da ya tare mutum a hanyar Bangi ya ga irin wannan na'ura a jakarsa, ba zai tsaya tambayar ko sha'awa ce ba. Wannan damuwa ba abin rainawa ba ce.

Amma a duba bambancin. Ɗan bindiga ba ya neman lasisi, ba ya ba da sunansa da adireshinsa, ba ya faɗin laƙabinsa a iska. Mai lasisi kuwa hukuma ta san shi, ta san inda tasharsa take, ta san mitar da yake magana a kai, kuma doka ta hana shi ɓoye magana, don haka jandarma na iya kunna na'ura ya ji duk abin da yake faɗi. Rufe ƙofa ga mai bin doka ba ya ƙwace na'ura daga hannun mai laifi. Abin da yake jawowa shi ne a rasa 'yan ƙasa masu ilimin abin. A Najeriya, Senegal da Kodebuwa akwai ƙungiyoyin masu sha'awa da ke cikin IARU. Mu kuwa laƙabin 5U yana da wuyar ji a iska, har baƙi kan yi takakkiya su zo su kunna shi na 'yan kwanaki, kamar yadda wata tawagar da 'yan Sipaniya suka jagoranta ta yi a Yamai a watan Maris 2017 da laƙabin 5U5R, masu sha'awa na duniya suna rububin samun su.

Yanzu ga gargaɗinmu ga 'yan'uwa da ke Libiya, Aljeriya, Kodebuwa, Kamaru, Gabon, Turai da sauran wurare. Waɗannan ƙananan oba-oba suna nan a kasuwanni, wasu ba su kai kuɗin salula mai kyau ba. Don Allah kada wani ya karanta wannan sharhi ya saya ya cusa a kaya ya aiko wa ƙanensa. Riƙe na'urar aikawa ba da izini ba laifi ne, kuma a halin da ake ciki tana iya jefa yaro cikin zargin da fita daga cikinsa sai an sha wuya. Ku kuma sani rediyon masu sha'awa ba zai maye muku WhatsApp ba. Dokar duniya ba ta yarda a riƙa isar da saƙon wasu mutane daga ƙasa zuwa ƙasa ta wannan hanya ba, sai a halin gaggawa ko agaji, ko in ƙasa ta ba da dama. Ba wurin gaisuwar Salla ba ne, ba wurin tambayar farashin buhun albasa ba ne, kuma duk abin da ka faɗa kowa na ji.

Wani zai ce ai Starlink ya shigo Nijar a 2025, me za a yi da tsohon yayi? Gaskiya ne ya shigo, kuma yana da amfani, don bai dogara da ƙarfen rezo ba. Amma sai an biya kowane wata, yana cin wuta fiye da ƙaramin rediyo, ruwa mai ƙarfi yana raunana shi, kuma makunninsa yana hannun kamfanin da ke wata ƙasa. Mai gona biyu, ɗaya a jigawa ɗaya a fadama, ya fi mai gona ɗaya kwanciyar hankali.

Abin da za a iya yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A ganinmu ga ta inda za a fara.

Na farko, a bi ta ƙofa. Hukumar ARCEP ita ce ke kula da rabon mitoci a Nijar. Ita ya kamata a fara tuntuɓa a rubuce, ta hannun masu riƙon komin da perefe, da sanin gwamna da jami'an tsaro, a nemi bayani kan sharuɗɗan lasisi. Muna kuma kira ga hukumar ta fito da bayanin a fili, da Faransanci da Hausa, yadda ɗan Buza zai san takardun da ake bukata ba sai ya yi sawu uku zuwa Yamai ba.

Na biyu, a fara da kulob maimakon ɗaiɗaikun mutane. Tasha guda a wuri sananne, kamar harabar rediyon al'umma, ko lise, ko cibiyar koyon sana'a, da mutum biyu ko uku masu lasisi da littafin da ake rubuta duk kiran da aka yi. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, tunda babbar na'urar gajeren zango tana iya kai kuɗin babur, kuma ya fi kwantar wa hukuma da hankali.

Na uku, a nemi masu hannu. Muna da su. Yaran da ke gyaran salula a tashar Madawa, masu haɗa hasken rana a ƙauyuka, masu gyaran rediyo da telebijin, malaman kimiyya, tsofaffin sojoji da ma'aikatan da suka riƙe rediyo a bakin aiki, ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Saurare ma makaranta ce, kuma kowa na iya fara ta: mai rediyon gajeren zango ya riƙa lura da yadda tashoshi ke zuwa da rana su ɓace da dare, ya gwada ƙara wa eriya waya ya ga bambanci. Yawancin masu sha'awa da haka suka soma. Ko ambaliya ba ta zo ba, yaron da ya koyi auna wuta da haɗa eriya ya samu abin yi a hannunsa.

Na huɗu, a riƙa gwaji. Na'urar da aka kulle a kabad ana jiran ranar bala'i, ranar za a tarar batir ya mutu, wanda ya iya ta ya tafi ci-rani. Nan ne sha'awa ke da amfani: wanda ke son abin yana kunna shi kullum don daɗin kansa, shi ya sa ranar tsanani na'urarsa ke tashi. A sa rana guda a mako da tashoshin Madawa, Buza da Keita za su kira juna, a gwada da rana a gwada da dare. A kuma horar da mata, don su ne ke gida a watannin da maza ke waje.

Na biyar, nan ne 'yan'uwa na waje za su shigo. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, kun sayi motocin asibiti ta ƙungiyoyinku na 'yan gari. In takardu sun fito, kuna iya ɗaukar nauyin farantin hasken rana, batir, ko kuɗin horar da matasa biyu. Wanda ke ƙasar da ake da kulob, ya leƙa ya ga yadda suke yi, in da hali ya zauna jarrabawar can, ya dawo da ilimin.

Ba mu ce wannan zai hana ruwa cin gida ko ya gyara hanyar da ta yanke ba. Abin da zai yi shi ne ya rage lokacin da ke tsakanin aukuwar abu da isar labarinsa, kuma sau da yawa a cikin wannan lokaci ake rasa rai ko a cece shi.

Muna jiran ra'ayoyinku. Wanda ya taɓa aiki da RAC ko rediyon asibiti, ya zo ya ba matasa labari. Masu gari da wakilanmu, ku gaya mana ƙauyukan da rezo ba ya kaiwa da waɗanda gulbi ke yankewa da damana, mu haɗa jerin sunayen mu miƙa wa hukuma. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da ambaliya, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya.